Baƙo a bakin aiki: wa ya ba kamfani izinin kawo shi, kuma bisa wane sharaɗi?

Tambayar da ke yawo a Zariya, daga teburin mai shayi har majalisar bayan la'asar, ita ce wa ke ba kamfani izinin ɗauko ɗan Sin ko ɗan Indiya ya zo ya yi aikin da ɗan gari zai iya. Maganar ta ƙara zafi tun da aikin layin dogo na Kaduna zuwa Kano ya ratso ƙasar Zazzau. Mutane na ganin baƙi da hular kwano a bakin aiki, alhali Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin Nuhu Bamalli na yaye injiniyoyi da masu fasaha duk shekara, wasunsu ma Keke Napep suke ja tsakanin Kwangila da Samaru. Wasu na ɗauka duk wanda ya samu biza ya samu izinin aiki. Wasu kuma sun yanke cewa babu wata doka, mai kuɗi ne ke kawo wanda ya ga dama. Duka biyun ba haka ba ne. Doka tana nan, har da sharaɗi mai nauyi a cikinta. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda zai bi sawu ya ga an cika sharaɗin.

Kuma irin wannan tsarin ne ke jiran ɗan Zariyan da ke neman aiki a Ingila ko Saudiyya. Wanda ya gane yadda Najeriya ke karɓar baƙo, da wuya dillalin biza ya yi masa wayo.

## Kujera ake ba izini kafin mutum

Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, ta hana wanda ba ɗan Najeriya ba karɓar aiki a ƙasar nan sai da rubutaccen izini, in ban da aikin gwamnati. Sai dai ba baƙon ke fara nema ba. Kamfani ne ke zuwa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ya nemi guraben baƙi, abin da 'yan ofis ke kira kwota. Ba a ba da ita a dunƙule, a ce wa kamfani je ka kawo mutum goma. Kowane gurbi da sunansa: babban injiniyan lantarki, manajan sarrafa kaya, mai kula da kuɗi. Kamfani zai nuna takardar rajistarsa, da shaidar biyan haraji, da irin ilimi da gogewar da kujerar ke buƙata, da albashin da zai biya, da tsarinsa na horar da 'yan ƙasa. Idan akwai jarin baƙi a cikinsa, sai ya fara samun izinin kasuwanci daga wannan ma'aikatar. Bisa kundin ƙa'idojin da aka sabunta aka ƙaddamar a 2022, jarin irin wannan kamfani ba zai gaza naira miliyan 100 ba, bayan a da miliyan 10 ne.

Sai gurbi ya samu ake maganar mutum. Wanda aka zaɓa zai karɓi bizar da ake kira STR, wato ta shiga bisa sharaɗin zai daidaita zamansa in ya iso. Da ya sauka, akwai kwana 90 da kamfanin zai kai takardunsa Hukumar Shige da Fice a yi masa katin zama da aiki, CERPAC, wanda ake sabuntawa. A ƙarshen 2018 an ninka kuɗin katin daga dala 1,000 zuwa dala 2,000 a shekara. Cikin takardun akwai wasiƙar da kamfani ke cewa ya ɗauki nauyin baƙon a gaban hukuma, wato in ta ɓaci, shi zai biya kuɗin mayar da shi gida.

Saboda haka zaman baƙon ɗaure yake da wannan kujera. Ranar da aka sallame shi ko ya ajiye aikin, hujjar zamansa ta tafi. Ba zai tashi daga masana'antar da ke Dakace ya koma wata a Kano ba sai ita ma tana da gurbi a hannu, kuma hukuma ta amince da sauyin. Bizar kasuwanci kuwa ta taro ce da ƙulla ciniki, ba ta halatta wa kowa zama a kan na'ura yana karɓar albashi ba. Mai zuwa aikin ɗan lokaci, kamar kafa inji ko gyara shi, izini daban ake nema masa, TWP, shi ma kamfani ke nema. Ga kuma hukumomin sana'a: injiniya baƙo sai ya yi rajista da majalisar kula da aikin injiniya, COREN, likita kuma da majalisar likitoci ta ƙasa, kafin ya taɓa gada ko majinyaci.

Kamfanonin da ke cikin yankunan ciniki na musamman, irin na Lekki ko Kalaba, ba sa buƙatar kwota. Wannan kam da gangan aka yi, don jawo masu jari.

## 'Yan koyo biyu

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne aka fi yin shiru. Gwamnati ba kyauta take ba da gurbi ba. Kowane baƙo da aka kawo, ana so a haɗa shi da 'yan Najeriya biyu masu ilimin da ya dace, su koyi aikinsa har su gaje shi. Don kada koyon ya zama na har abada, an sa wa gurbin wa'adi: shekara 3 da farko, a sabunta sau biyu shekara bibbiyu, jimla shekara 7, bayan a da 10 ne. A harkar man fetur ma ya fi tsauri. Dokar 2010 ta bunƙasa hannun 'yan ƙasa a wannan fanni ta ce sai hukumar da ke kula da aiwatar da ita, NCDMB da ke Yenagoa, ta amince kafin kamfani ya nemi gurbi, baƙi ba za su wuce kashi 5 cikin 100 na kujerun manajoji ba, kuma cikin shekara 4 a miƙa kujerar ga ɗan ƙasa. Kujera irin ta shugaban kamfani, mai tsaron jarin masu kuɗi, ita ce kan samu gurbi mara wa'adi. Duk wata kuma kamfani na kai wa hukuma rahoton baƙinsa: suna, ƙasa, lambar fasfo, kujera, da sunayen masu koyo.

A takarda, wannan ciniki ne mai kyau. Muna aron gwaninta na wasu shekaru, mu biya da izinin zama, gwanintar ta zauna a gida.

A bakin aiki kuwa ga yadda takan kasance. Masana'anta ta sayo injin tatsar mai daga waje. Wanda ya zo da shi shi ke riƙe da kwamfutar da ake jona wa allon sarrafa injin, shi kaɗai ya san lambar sirrin shiga, littafin bayanin kuma da yaren ƙasarsu yake. Yaron da aka rubuta a matsayin ɗan koyo yana da digirin injiniya, yana zuwa da sassafe, shi ke sauya bel, shi ke zuba giris, shi ke share tacin da ya toshe. Da jar fitila ta kama, sai a ce kowa ya matsa a kira oga. Oga ya zo ya juya baya, ya danna abin da zai danna, inji ya tashi, ya naɗe wayarsa ya koma ofis. Bayan shekara 7 yaron ya san ƙarar injin ciki da bai, amma bai taɓa ganin abin da ke bayan lambar sirrin ba, kamar yaron gareji da ya tsufa yana miƙa sifana. Lokacin sabunta gurbi, kamfani ya rubuta cewa har yanzu ba a samu wanda zai iya ba. Kuma a wani ɓangare gaskiya ya faɗa, don shi ya hana a samu.

Sauran dabarun ma sanannu ne, ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kuka da su. A sa sunan direba ko akawu a gurbin ɗan koyo don cike fom. Wa'adi ya ƙare, a sauya wa kujera suna, manajan gyara ya koma mai ba da shawara kan gyara, a nemi sabon gurbi da tsohon mutum. A shigo da mutum da izinin ɗan lokaci a yi ta maimaitawa har ya shekara. A nemi gurbin injiniya, a kawo mai tsaron sito. Akwai ma kamfanonin jaka da ke karɓar gurabe su sayar wa wasu. A duk waɗannan, ba ƙarancin doka ke damun mu ba. Jami'in da ya je duba masana'anta in ya tsaya a ofishin manaja ya ƙirga fasfo da kati, ya sha lemo ya tafi, bai duba komai ba. Dubawa ita ce ya kira ɗan koyon gefe ya ce masa tayar mini da injin nan in gani.

## Zariya ta taɓa ganin an miƙa kujera

Garin nan ba baƙon baƙi ba ne. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shugabanta na farko Norman Alexander ne, mutumin New Zealand, kuma yawancin malaman daga waje suke. A 1966 Dakta Ishaya Audu ya karɓi shugabancin. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa, ya kafa sashen tarihi, ya rene ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman, waɗanda suka riƙe fannin bayansa har suka yi suna. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama da aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin sama ta duniya ta fara ne da malamai baƙi, yau 'yan ƙasa ke koyarwa. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 zai tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya, Pakistan, Filifin da Ghana.

Me ya sa aka miƙa a can? Domin mai ɗaukar aikin, wato gwamnatin Arewa da jami'ar, shi ke son a miƙa. Ya ɗauko baƙo yana kuma tura ɗansa karatu waje don ya dawo ya karɓa. Kamfani mai neman riba ba lallai ya so hakan ba, shi ya sa aka ɗaure shi da doka. A yau ma abin ya juya: jami'o'inmu na neman malamai daga waje ba sa samu, don albashin naira ba ya jawo kowa, namu ne ke fita.

Tarihin jami'ar ya kuma nuna raunin zaman baƙo. Patrick Wilmot, ɗan asalin Jamaika, ya koyar da ilimin zamantakewa a Samaru tun 1970. A 1988 gwamnatin Babangida ta kama shi ta saka shi a jirgi zuwa Landan. Shekara 18 na aiki ba su hana ba.

Ta fuskar manufa kuwa, ƙasar ta yi ta kai-komo. Dokokin 1972 da 1977 sun ƙwace wasu sana'o'i daga hannun baƙi suka tilasta sayar wa 'yan ƙasa da hannun jari. Dokar 1995 ta sake buɗe ƙofa har baƙo ya mallaki kamfani ɗari bisa ɗari. A Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarni na 5, wanda ya hana ba da biza ga baƙon da ake da masu irin gwanintarsa a gida. Umarnin ya yi daɗin ji, amma sai an san gwanayen da ake da su kafin a ce akwai, kuma wanda ke neman gurbin shi ke kawo hujjar cewa babu.

## Me kamfanoni ke cewa, kuma me ya faru da harajin 2024

Adalci ne a ji ta bakinsu. Baƙo tsada gare shi: albashi da dala, gida, mota, tikitin jirgi, kuɗin kati, sau da yawa har da 'yan sanda masu rakiya, musamman a hanyoyin jihar nan. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki wannan nauyi don ado. Suna cewa digiri daban, hannu daban, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai walda da zai haɗa bututun iskar gas irin na Ajaokuta zuwa Kano sai mai takardar shaida ta musamman, kuma irinsu ba su da yawa. Wanda ya sayar da inji yakan ce garantinsa ya faɗi in wani ya buɗe shi ba mutuminsa ba. Manyan ayyuka kuma da bashi ake yinsu. Layin dogon Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ke yi, da bashi daga bankin raya ƙasa na Sin. Mai ba da bashi yakan zo da ɗan kwangilarsa, ɗan kwangila ya zo da mutanensa.

Akwai dalilan da ba a rubutawa a takardar neman gurbi. Ɗaya shi ne amana: mai jari ya fi sakin jiki ɗan garinsu ya riƙe masa sito da asusu. Ɗayan kuma, ma'aikacin da zamansa ke hannun ubangidansa ba ya shiga ƙungiya, ba ya yajin aiki, ba ya kai ƙara. Yana kwana a sansanin kamfani, yana aiki har Lahadi. Ta nan za a ga cewa ƙaramin ma'aikaci baƙo ba lallai shi ne mai cin moriyar ba, sau da yawa shi ma a matse yake.

A ranar 27 ga Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi aiki: dala 15,000 a shekara kan kowane darakta, dala 10,000 kan sauran, ga duk wanda ya yi kwana 183 ko fiye a shekara. Hujjar gwamnati ita ce a sa baƙo ya ƙara tsada har kamfani ya waiwayi ɗan gida, a kuma rage tazarar albashi. Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata NECA, da ta masu masana'antu MAN, da ta 'yan kasuwa NACCIMA suka yi ca. Suka ce ana roƙon masu jari su zo ana kuma tare su da haraji a ƙofa, ga naira ta faɗi, ga tsoron wasu ƙasashe su rama a kan 'yan Najeriyan da ke aiki a can. Ranar 8 ga Maris aka dakatar da shi, ko mako biyu bai cika ba.

Ba Najeriya ta fara irin wannan ba. Saudiyya na karɓar kuɗi duk wata kan kowane ma'aikaci baƙo, tana kuma da tsarin Nitaƙat tun 2011, mai auna kamfani da yawan 'yan ƙasar da ya ɗauka. A ganina matsalar harajin namu ita ce wanda zai biya shi ne wanda ya riga ya bi layi ya yi rajista. Wanda ya ɓoye mutum goma da bizar kasuwanci a bayan katanga ko sisi ba zai biya ba, sai ma ya ƙara samun dalilin ɓoyewa. Da an ɗaura kuɗin a kan gazawar horarwa, wato kamfanin da ya zo sabunta gurbi ba tare da ɗan koyon da ya ci jarrabawar aiki ba ya biya ninki, da an bugi inda ke ciwo.

## Mai shayi ɗan Nijar da mai tayil ɗan Kwatano

Su ba sa cikin wannan lissafi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, ƙarin da aka yi a 1986 da 1990 kuma ya ba shi damar zama da kafa sana'a. Ba a nemar masa kwota, katin zama na ECOWAS ake so ya yi in zai daɗe. Gaskiya dai mafi yawan masu ga-ruwa, masu gadi da masu shayi a Sabon Gari da Tudun Wada ba su taɓa ganin katin ba, kuma ba wanda ya tambaye su, don tsakanin Maraɗi da Zazzau zumunci ya girmi iyaka. Masu gini kuma sun san dalilin da ya sa ake neman 'yan Togo da Kwatano a aikin tayil da silin.

Wannan sassauci yana da ranar da yake juyewa. A Janairun 1983, da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda kimanin miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Ghana, kamar yadda Ghana ta kori namu a 1969. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barinsu su yi zirga-zirga har sai an sanar da wani abu. Ke nan zaman ɗan Nijar a nan ya koma kan sanarwar da za a iya janyewa.

## In kai ne baƙon

Wani matashi da ya gama karatun jinya ya kawo wa kawunsa waya yana nuna masa hoton takarda, yana neman a sayar da fili a cika masa kuɗi.

"Kawu, mutumin ya ce in na ba da rabi, takardar za ta fito cikin sati biyu."

"To ɗana, wane kamfani ne zai ɗauke ka a can?"

"Ya ce sai na sauka za a gaya mini."

"Albashin nawa ne? A wane gari?"

Yaron ya yi shiru yana latsa waya. Kawun bai taɓa zuwa Ingila ba, amma tambayoyinsa su ne ainihin dokar can. A Ingila sai mai ɗaukar aiki ya samu lasisin ɗaukar nauyi daga ma'aikatar cikin gida, kuma sunayen masu lasisin na nan a shafin gwamnatinsu na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Takardar da ake kira COS lamba ce da ke ɗauke da sunan kamfani, irin aiki da albashi, kuma ƙa'idarsu ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Wanda ya sayar maka da ita miliyoyin naira, ko dai ta bogi ce, ko kuma ta kamfanin da ba shi da aikin da zai ba ka. 'Yan Najeriya da yawa sun sauka ta hanyar aikin kula da tsofaffi suka tarar ba aiki. In aka soke lasisin kamfanin, kwana 60 akan ba mutum ya samu wani ko ya fita. Daga Maris 2024 an hana masu wannan aiki tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Duk mai tallar wannan hanya yau, tsohon kaya yake sayarwa.

A Kanada sai mai ɗaukar aiki ya tallata gurbin a gida ya nuna bai samu ɗan ƙasa ba, ya biya dalar Kanada 1,000 don takardar LMIA, kuma haramun ne ya karɓi kuɗin daga ma'aikacin. A Amurka bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B kamfani ke nema, guda 65,000 ake bayarwa a shekara da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in can, masu nema kuma sun ninka haka.

Saudiyya ta fi kusa da mu, ta kuma fi cin mutanenmu. Can ma iƙama, wato katin zama, ɗaure take da kafili, mai ɗaukar nauyin ma'aikaci. Abin da dillalai ke kira biza mai 'yanci, wadda wai za ka yi aiki inda ka so, dokarsu ba ta san ta ba. Wani ne ya karɓi gurbi da sunan shagonsa ya sayar, kai kuma ka riƙa biyansa don ya sabunta maka, ranar da kuka saɓa ya rubuta cewa ka gudu. Gyaran da aka yi a Maris 2021 ya sassauta sauya wurin aiki da fita ƙasar, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, alhali nan ne matanmu da ke tafiya aikatau suka fi yawa. Bizar Umara kuwa ta ibada ce, wanda ya maƙale da ita ya zama takari, kullum yana ɓuya. A nan gida, mai tura mutane aiki waje sai yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Wanda ya kasa nuna shi, ko ya ce a ba shi fasfo ya riƙe, maganarsa ta hukumar yaƙi da fataucin mutane ce, wato NAPTIP.

## Abin da ke tafe

Daga 1 ga Mayun 2025 gwamnati ta fara mayar da harkar biza, katin sauka da fita, da kula da baƙi ma'aikata kan intanet, ta kuma sanar da tarar dala 15 kan kowace rana ga wanda ya wuce wa'adin bizarsa. Wannan zai taimaka wajen sanin wa ya shigo, wa bai fita ba. Amma kwamfuta fasfo take ƙirgawa, ba ta san ko ɗan koyo ya iya tayar da inji ba.

Ga mutumin Zariya, gwajin na gaba shi ne layin dogon nan. Gini zai ƙare, 'yan leburan da aka ɗauka daga ƙauyukan hanya za a sallame su. Aikin da zai daɗe shi ne na kula da sigina, gyaran kan jirgi da duba layi. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT na nan a hanyar Basawa tun 1986, ga jami'ar sufuri da aka gina a Daura, ga sashen injiniya a Samaru. Masu koyo ba za su yi wuyar samu ba. Abin da ya rage shi ne a san kujeru nawa aka ba da, yaushe wa'adin kowace zai cika, su wa aka rubuta za su gada. Waɗannan bayanai suna cikin rahoton da kamfanoni ke kaiwa duk wata, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ƙungiyar injiniyoyi reshen Zariya, ko ƙungiyar ƙwadago, ko ɗan majalisar da ke wakiltar yankin, damar rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida su nema. Dokar ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa.